Ƙara Ɗaya, Jaka Huɗu: Tarihin Kuɗin Shari'a a Zamfara

A shekarar 1943 aka gurfanar da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, gaban kotun Sarkin Musulmi bisa zargin cin kuɗin jangali. A lokacin yana zaune a Gusau, inda aka tura shi tun 1938, bayan an naɗa Abubakar na Uku a kan gadon da shi ma ya nema, domin ya kula da gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato da reshen baitulmalin En'e da ke garin. Kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa a Zariya, aka soke hukuncin. Magoya bayansa ba su taɓa daina cewa makircin fada ne ba, kuma mafi yawan masu ba da labarin a nan suke tsayawa, a kan kishin 'yan uwa da neman sarauta.

Akwai wani abin dubawa a cikin shari'ar wanda ya fi wannan daɗewa. Hukumar da ta ce an ci kuɗinta ita ce ta kawo ƙara. Ita ke biyan 'yan dokan da ke kama mai laifi, shugabanta ne ya zauna ya yanke hukunci, gidan yarin da za a kai wanda aka ɗaure kuma nata ne. Albashin kowane ɗaya daga cikinsu daga baitulmali guda yake fitowa. Ƙofar da Sardauna ya bi ya kuɓuta ba ta wuce shekara goma da buɗewa ba, domin sai a gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933 aka kafa Babbar Kotu aka shimfiɗa hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa gare ta. Bin wannan ƙofa kuwa yana buƙatar ilimi da kuɗi da sanayya, abubuwan da Bafillatanin da aka karɓi jangalinsa a dajin Tsafe ba shi da ko ɗaya.

Tarihin shekaru tamanin da suka biyo baya, a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tarihi ne na ƙoƙarin raba waɗannan hannuwa da juna. An raba su, kuma an yi daidai da aka raba. Amma da aka raba hannuwan sai aka yayyaga littafin lissafin tare da su, har ta kai yau babu ofishi ɗaya a jihar da zai iya faɗin nawa ake kashewa a kan ƙara guda, daga kamu zuwa zartar da hukunci, balle a tambaye shi dalilin da ya sa ƙarar ta mutu a hanya.

Zamanin jaka ɗaya

Kafin zuwan Turawa, alƙali da muƙarrabansa daga shari'ar suke ci. Akwai ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na bashin da aka ƙwato ko gadon da aka raba, akwai kuma ijarar da ake biyan ɗan aiken da ya je kiran wanda ake ƙara. Ofishin mai gabatar da ƙara da sunan jama'a, irin wanda aka sani yanzu, ba ya cikin tsarin. Mai ƙara shi ke kawo da'awarsa da shaidunsa, abin da ya shafi jini da fashi da tawaye kuma yana komawa majalisar sarki, dogarai su kamo, Yari ya tsare.

Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Turawa ba su rushe wannan gini ba. Abin da suka yi shi ne suka sa masa littafi. An fara gwada baitulmalin En'e a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Richmond Palmer, zuwa wajen 1911 kuma tsarin ya bazu a masarautun Arewa. Harajin da aka tara ana raba shi tsakanin gwamnati da En'e, da farko galibi rabi da rabi. Sarki da hakimai da alƙalai duk aka yanka musu albashi, tara da kuɗin kotu kuma suka daina shiga aljihun alƙali, sai dai a rubuta rasit a kai wa ma'aji. Daga shekarun 1920 aka fara mayar da wani sashe na dogarai 'yan doka masu kaki da fareti. A Sakkwato, kafin ya hau gado, Abubakar na Uku da kansa ya riƙe sarautar Sardauna yana kula da 'yan doka da gidajen yari.

Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda a yau kowacce ke da sarkinta mai sanda, a wancan lokacin gundumomi ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin ya cika da kantunan sayen auduga da gyaɗa da baƙin ma'aikata, kuɗin da ke yawo a yankin ya yi yawan da ba za a riƙa jiran Sakkwato a kan kowane sule ba. Wannan ne ya sa aka buƙaci reshen baitulmali da babban wakili a can.

Wanda ya buɗe ƙiyasin kuɗin baitulmalan En'e da ake bugawa kowace shekara a Kaduna zai ga abin da ya kamata ya ba shi mamaki. Shari'a tana da babinta, 'yan doka suna da nasu, gidan yari yana da nasa, a jere, a cikin kundi ɗaya, da yawan ma'aikata da albashin kowane muƙami. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Afrilu. Ƙiyasin ba ya aiki sai Razdan ya duba, Kaduna ta amince. Di'o yana iya faɗowa kotun alƙali ba sanarwa, ya karanta littafin shari'a, ya gwada shi da rasit ɗin tara, ya wuce gidan yari ya ƙirga fursunoni ya nemi takardar ɗaurin kowannensu. Ba don ƙaunar talaka aka yi haka ba, kuma mai binciken ba talaka yake yi wa bayani ba, Kaduna da Landan yake yi wa. Tarar kotu ma kuɗin shiga ce ga En'e, abin da ke ƙara wa alƙali sha'awar cin tara. Duk da haka, idan mutum ya kwana wata uku a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, akwai littafin da zai nuna, kuma an san wanda za a tambaya.

Illar jaka ɗaya ta fito fili ne da siyasar jam'iyyu ta zo. A shekarun 1950, ɗan NEPU da ya yi taro ba izini ko ya faɗi maganar da aka ɗauka zagin sarki ce, 'yan dokan En'e ke kama shi, alƙalin En'e ya ɗaure shi, gandirobobin En'e su riƙe shi, kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba. Lissafin kuɗi yana iya cika cif, zalunci kuma yana tafiya. Mai binciken kuɗi rasit yake nema.

Abin lura shi ne, mutumin da ya ɗanɗani tsarin a 1943 shi ne Firimiya lokacin da aka fara gyara shi. A 1958 gwamnatinsa ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, daga nan aka samu kundin hukunta laifuffuka da aka fi sani da Final Kod da kundin tsarin shari'ar laifi, waɗanda suka fara aiki 30 ga Satumba, 1960. Tsarin mulkin 'yancin kai ya kuma kafa ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki mai cin gashin kansa, wanda ba ya karɓar umarni daga minista. Wannan 'yanci bai yi tsawon rai ba. Tsarin mulkin jamhuriya na 1963 ya mayar da daraktan ƙarƙashin Antoni Janar, ɗan siyasa, kuma a nan yake har yau. 'Yan doka da kotunan sarakuna kuwa Sardauna bai taɓa su ba. NPC a kansu take tsaye.

Soja ne suka taɓa su. Bayan juyin mulkin 1966 aka kafa kwamitin Yusuf Gobir kan 'yan sanda da gidajen yari, ya ba da shawarar a haɗe su duka a hannun tarayya. Gwamnatin Hassan Usman Katsina ta soke kotunan sarakuna a 1967, dokar kotunan yanki kuma ta cire alƙalai daga hannun En'e ta sa su ƙarƙashin Babban Joji tun daga Afrilun 1968. Gidajen yarin En'e suka koma na tarayya a wannan shekara, 'yan doka kuma aka tace su aka shigar da waɗanda suka dace cikin 'yan sandan Nijeriya, aikin da aka kammala wajen 1970. Cikin shekara huɗu, babi uku da ke jere a kundi ɗaya suka watse zuwa Legas da hedikwatar sabuwar Jihar Arewa maso Yamma a Sakkwato.

Tafiyar fayil daga Tsafe

Zamfara ta samu jiharta 1 ga Oktoba, 1996, ta gaji wannan rarrabuwa yadda take, tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar da ita. Hanya mafi sauƙi ta ganinta ita ce a bi ƙara ɗaya.

A ce an kama mutum a Tsafe, a kan hanyar Funtuwa, ana zarginsa da kai wa 'yan bindiga bayani. Baturen 'yan sandan da ya tsare shi ma'aikacin tarayya ne. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta Nijeriya, albashinsa da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa duk daga Abuja suke. Wannan jaka ta farko ke nan. Laifin ya fi ƙarfin kotun majistare, amma can za a fara kai shi domin a samu umarnin tsarewa, al'adar da lauyoyi suka daɗe suna suka, Kotun Ƙoli kuma ta halatta wani nau'inta a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. Daga nan sai a tura kwafin fayil zuwa Ma'aikatar Shari'a a Gusau, a jira shawarar lauyoyin gwamnati kan ko akwai hujjar da za ta tsaya a Babbar Kotu. Waɗannan lauyoyi ma'aikatan jiha ne, kuɗin takardarsu da man motarsu da na kawo shaidu daga ƙauye yana cikin kason ma'aikatar, kuma ba ya fita sai ɓangaren zartarwa ya saki. Jaka ta biyu. Idan ƙarar ta isa kotu, sai a tarar jaka ta uku ita kanta a rabe take: albashin jojin Babbar Kotu daga asusun tarayya yake zuwa ta hannun Majalisar Shari'a ta Ƙasa, amma majistare da alƙalin kotun shari'a da magatakarda da mai kai sammaci jiha ce ke biyansu, ita ce kuma ke gina ɗakin kotun. Duk tsawon wannan jira, mutumin yana gidan gyaran hali na Gusau, yana cin abincin da Ma'aikatar Cikin Gida ta tarayya ke biya. Jaka ta huɗu.

A dubi yadda nauyin ya faɗi. Wanda ke jinkirta fayil ba shi ke ciyar da fursuna ba, saboda haka jinkiri ba ya cin aljihunsa. Wanda ke ciyar da fursuna ba shi da ikon hanzarta fayil. Ɗan sandan da ya yi bincike ana iya mayar da shi wata jiha kafin ranar ba da shaida, kuma babu babin da aka ware don dawo da shi. A faɗin Nijeriya, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Akan ɗora wannan a kan lalaci ko cin hanci, kuma akwai su, amma ko da kowane jami'i a wannan jeri waliyyi ne, tsarin kuɗin zai ci gaba da haifar da jira.

A saman jaka ta biyu akwai mutum ɗaya mai hula biyu. Sashe na 195 ya ce Antoni Janar na jiha shi ne babban jami'in shari'a kuma shi ne Kwamishinan Shari'a, wato ɗan majalisar zartarwa da gwamna ya naɗa kuma yake iya saukewa da sanarwar rediyo. Sashe na 211 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta a kowane mataki kafin hukunci. Tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tuhumar dalilinsa idan ya janye. Kenya ta raba waɗannan huluna a tsarin mulkinta na 2010, ta ba mai gabatar da ƙara ofishi da wa'adi nasa. A Nijeriya an sha kawo wannan shawara a gyaran tsarin mulki, ba ta taɓa tsallakewa ba.

Sherif, wanda ba Sharifi ba

Akwai wani jami'i da ba kasafai ake jin sunansa a Arewa ba, alhali yana cikin doka tun 1945. Shi ne sherif. Kalmar ba ta da alaƙa da Sharifai, tsohon Turanci ce da ke nufin wakilin sarki a gunduma. A Amurka zaɓensa ake yi, yana da 'yan sandansa da kurkukunsa. A Nijeriya mafi yawan aikinsa shi ne zartar da abin da kotu ta yanke a ƙarar da ba ta laifi ba: kai sammaci, ƙwace kadara, yin gwanjonta, fitar da wanda aka ce ya tashi daga gida ko fili. A aikace, Babban Magatakardar Babbar Kotu ke riƙe da muƙamin, magatakardan sassa su ne mataimakansa, a ƙasansu kuma ma'aikatan da ake kira belif, magadan ɗan ijarar alƙali. Kotunan shari'a suna da nasu ma'aikatan da ke yin makamancin aikin.

Manomin da ya ci shari'ar gona a Bunguɗu yakan gane a wannan mataki cewa takardar hukunci ba ta tafiya da ƙafarta. Sai an samu abin hawa, sai an nemi rakiyar 'yan sanda, waɗanda doka ta ɗora wa taimakawa amma ba sherif ke ba su umarni ba. Inda kason kotu bai kai ba, mai ƙara ne ke cikawa daga aljihunsa, da rasit ko ba rasit. Ijarar da Turawa suka kai baitulmali ta dawo ta bayan gida.

Idan kuwa gwamnati ce aka kayar, sai a haɗu da sashe na 84 na dokar sherif. Sashen ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i don biyan bashin hukunci ba sai da amincewar Antoni Janar. Wato ɗan kwangila ko ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, bayan ya kayar da lauyoyin gwamnati a kotu, zai koma wurin shugabansu ya roƙi izinin karɓar haƙƙinsa. Kotuna sun yi ta ja da baya da gaba a kan iyakar sashen, amma yana nan a littafi. Wani ɗan ɓurɓushin shari'ar 1943 ne da ya tsira.

Wasu wurare sun nemi maganin rarrabuwar kuɗi ta wata hanya. Jihar Bajiniya a Amurka ta kafa hukuma guda a 1934 wadda ke tsara kason da jiha ke biya na albashi da kuɗin ofis na sherif-sherif da lauyoyi masu gabatar da ƙara na dukan gundumominta, babban mai binciken kuɗin jihar kuma yana cikin mambobinta uku. Ba ta tsira daga siyasa ba. An daɗe ana zargin cewa ƙungiyar Sanata Harry Byrd ta yi amfani da ita wajen saka wa masu biyayya da horar da masu taurin kai. Amma akwai teburi ɗaya da ake ajiye yawan aiki kusa da yawan kuɗi a kwatanta, kuma idan an yi son kai, a rubuce yake.

Sabbin ofisoshi, tsohuwar jaka

Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau 27 ga Oktoba, 1999, Antoni Janar ɗinsa, Ahmad Bello Mahmud, ya fuskanci wannan matsala kai tsaye. Jiha tana da ikon mayar da kotunan yanki kotunan shari'a da kuma kafa kundin laifuffukanta, wanda ya fara aiki 27 ga Janairu, 2000. Ba ta da ikon ƙirƙirar ɗan sanda ko gidan yari. Sabuwar doka ta dogara ga jami'an da ba ta biya. Gibin nan ne ya haifar da Hisbah, daga 'yan agaji zuwa hukuma mai doka, tare da hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha da ta sauraren koke-koken jama'a da ta zakka da waƙafi. Kowacce da shugabanta da kasonta, kowacce kuma daga hannun gwamna take karɓa.

Shekarar farko ta nuna cewa injin yana iya gudu idan an so. A Satumbar 2000 wata kotun shari'a a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da ta yi ciki ba aure hukuncin bulala, ba ta da lauya, mazan da ta ambata kuma aka sallame su don rashin shaida. An zartar da bulala 100 a ranar 19 ga Janairu, 2001, kafin ranar da aka sanar tun farko, a daidai lokacin da lauyoyin wata ƙungiyar kare haƙƙin mata ke haɗa takardun ɗaukaka ƙara. Malamai da lauyoyi sun yi ta muhawara kan ingancin hukuncin a mazhabar Malikiyya, wannan kuma wani zance ne. Abin da ya shafi lissafi shi ne, a ƙarar da idon gwamnati ke kanta ba a rasa mota ko ma'aikaci ba.

Shekara goma bayan haka rikicin 'yan bindiga ya rufe jihar. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar Muhammad Dahiru Abubakar ya ba da rahoton cewa tsakanin 2011 da 2019 an biya fiye da naira biliyan 3 kuɗin fansa, mata kusan 5,000 sun rasa mazajensu, yara fiye da 25,000 sun zama marayu, ya kuma nuna yatsa ga wasu masu sarauta da jami'an tsaro. Rahoton kwamiti ba takardar tuhuma ba ce. Kafin ya zama ƙara sai ɗan sanda ya yi bincike, lauyan gwamnati ya tsara tuhuma, an kare shaidun da za su koma kwana a ƙauyen da waɗanda suka ba da shaida a kansu ke iko da shi. Kowane mataki kuɗi ne. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta shiga sulhu da 'yan bindiga, har da musayar waɗanda ke tsare, kuma mai ikon janye ƙara yana zaune a majalisar da ke yin sulhun. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu satar mutane da masu kai musu bayani. Tsananta hukunci ba ya cin ko kwabo a kasafi, shi ya sa gwamnatoci ke son sa. Ɗaukar ƙarin lauyoyi da biyan kuɗin motar shaida daga Kwatarkwashi zuwa Gusau kuwa yana ci, kuma ba a yi masa bikin ƙaddamarwa.

Kuɗin da ke gudana da gaske wata hanya yake bi. Gwamnonin Nijeriya suna saya wa 'yan sanda da soja motoci da mai, suna biyan alawus, mafi yawa daga abin da ake kira kuɗin tsaro, wanda ba a fayyace yadda aka kashe shi. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin wannan kuɗi a faɗin ƙasar ya kai dala miliyan 670 a shekara. Sakamakon shi ne ƙarshen kamu na sarƙar yana samun ruwa ta bututun da ba a gani, ƙarshen gurfanarwa kuma yana jiran takardar sakin kuɗi.

Ɓangaren kotu ya yi nasa yaƙin. Ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta ci gwamnoni a Babbar Kotun Tarayya a Janairun 2014, an gyara sashe na 121 a 2018 don a riƙa biyan kuɗin kotuna kai tsaye ga shugabanninsu, Shugaba Buhari ya fitar da umarni na 10 a Mayun 2020 don tilasta hakan, ma'aikatan suka rufe kotunan ƙasar baki ɗaya fiye da wata biyu daga 6 ga Afrilu, 2021, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022, aka sake gyara tsarin mulki a Maris na 2023. Ko da duk wannan ya yi aiki yadda aka rubuta, jaka ta uku kawai ya shafa. Lauyan gwamnati ba ma'aikacin kotu ba ne, babu yajin aikin da ya 'yantar da kasonsa.

To wa ke dubawa? A takarda, Majalisar Dokoki mai kujeru 24 ce ke amincewa da kasafi, sashe na 128 kuma ya ba ta ikon bincikar yadda aka kashe. Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yana da kwana 90 daga karɓar bayanan Akanta Janar ya miƙa rahotonsa ga majalisa, kwamitin asusun jama'a ya duba. Amma sashe na 125 ɗin da ya ba shi wannan iko shi ne kuma ya hana shi binciken asusun hukumomin da doka ta kafa kai tsaye, sai dai ya ba su jerin masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi a kan abin da aka kawo, ya leƙa lokaci-lokaci. Duk sabuwar hukumar da aka kafa, ke nan, taku ɗaya ce nesa da idonsa. 'Yan sanda da gidan yari ba sa cikin littafinsa kwata-kwata. Majalisar kuwa sau da yawa ta jam'iyyar gwamna ce, a 2019 ma hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayu ya miƙa kujerar gwamna da na majalisar ga jam'iyya ɗaya a rana guda, daga farkon 2024 kuma ta shiga rikicin dakatar da 'ya'yanta.

Wani abu ya gyaru, kuma bai kamata a raina shi ba. Tun da shirin Bankin Duniya na 2018 ya ɗaura tallafi a kan bayyana lissafi, jihohi suna sa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku da binciken asusunsu a intanet. Mai sha'awa yana iya ajiye abin da aka amince wa Ma'aikatar Shari'a kusa da abin da aka sakar mata, ya yi haka ga Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ya gwada da kason ofisoshin gidan gwamnati. Abin da irin waɗannan takardu ba a tsara su don nunawa ba shi ne wanda Di'o ke samu da safiya ɗaya a gidan yari: mutum nawa ne ke tsare, tun yaushe, fayil ɗin kowanne yana teburin wa.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa gidajen gyaran halinsu, muhawarar 'yan sandan jiha kuma ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba tun zamanin Gobir. Masu adawa suna tuna 'yan doka da NEPU, masu goyon baya suna nuna gawarwaki a hanyar Tsafe, kuma dukansu suna da hujja. Zamfara dai ba ta jira ba. A ranar 31 ga Janairu, 2024, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, sama da mutum 2,600, waɗanda jiha ta ɗauka, ta horar, take biya.  Askarin da ya kamo mutum a wani ƙauyen Tsafe ba shi da ikon gurfanar da shi. Zai miƙa shi ga baturen 'yan sanda, a buɗe fayil, a yi kwafi, a aika Gusau.